Gyara Ma Yana Son Birki

Babban jirgin ruwa ba ya jin magana nan take. Idan iska ta karkatar da shi hagu, matuƙi ya murɗa sitiyari dama, sai an jima kafin ya amsa, in ya amsa kuma nauyinsa ba ya barin sa ya tsaya. Matuƙin da ya jira sai jirgi ya daidaita kafin ya sassauta hannu zai tarar ya zarce dama. Ya sake murɗawa, ya sake zarcewa, a yi ta tangaɗi.

A shekarar 1922, Nicolas Minorsky, injiniya haifaffen Rasha da ke aiki a Amurka, ya wallafa nazarinsa kan na'urar da za ta tuƙa jirgi da kanta. Ya lura cewa gwanin matuƙi, bayan girman karkatar, yana duba saurin da jirgi ke dawowa, sai ya fara sassautawa tun kafin a iso daidai.

Mu ma haka muke zarcewa. Wanda ya tashi a hannun uba mai duka sai ya rantse ba zai ko harari ɗansa ba, yaron ya tashi sangartacce. Ɗan kasuwar da aka cinye wa bashi sau ɗaya sai ya daina yarda da kowa. Niyya mai kyau ce, amma garin neman gira an rasa ido.

To, sassautawa kafin gyara ya kammala ba ragwanci ba ne? Tambayar tana da nauyi, domin da "a yi haƙuri" aka sha rufe bakin wanda aka zalunta. Injiniyoyi ma sun san na'urar da aka cika wa birki takan yi ta jan ƙafa, shi ya sa sau da yawa sukan yarda da 'yar zarcewa don a isa da wuri.

Bambancin a nan yake: birkin kirki da sauri kaɗai yake jayayya, ba ya sauya inda aka dosa. Don haka idan aka ce maka "bi a sannu", tambayi mai maganar ina za a je, kuma yaushe. Idan ya kasa faɗa, ba tangaɗi yake jiye maka ba, so yake jirgin ya ci gaba da tafiya a karkace.