Wa Ke Da Ikon Rufe Zance?

A littafin farko na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya aka buga a 1937, aku ya fi kowa magana. Dare bayan dare yana jero labarai don ya tsare Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Wanda ya ƙirga kalmomi zai ɗauka tsuntsun ne mai gida. Amma duk tsawon zancensa na aro ne: sai ya lallaɓa ya sami ƙofa sannan ya fara, kuma da ɗan sarki zai miƙe ya ce ya isa haka, da magana ta mutu nan take. Haka Shaharzad take a Dare Dubu da Ɗaya, baki nata, takobi na Sarki Shahriyar. A hirar da marubuci ya ƙaga, iko yana hannun wanda zai iya buɗe zance, ya yi tambaya, ya katse, ya rufe, ko da bai furta kalma goma ba. Fadar sarakunanmu ma shaida ce: talaka ya zube yana kwasar gaisuwa, sarki bai motsa baki ba a bayan amawali, dogarai su amsa da "An gaishe ka."

To, marubucin da ya raba magana bisa matsayi, gaskiyar al'umma yake nunawa, ko zalunci yake sa wa hannu? Wasu za su ce tambayar ma ba ta taso ba, domin shirun yaro gaban uba da na amarya gaban surukai ladabi ne da kunya, kuma addini ya yabi kunya. Na yarda da wannan, amma da sharaɗi, kuma daga fiƙihu na ɗauko sharaɗin. Malamai sun karɓi shirun budurwa a matsayin yarda da aure, sai dai bayan an nemi izininta. Shirun da ya biyo bayan tambaya amsa ce; wanda ba a tambaya ba kuwa bai ce komai ba, kuma ba daidai ba ne a sa masa magana a baki. Khansa'u bint Khizam, wadda ta taɓa aure, da mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Suratul Mujadala kuwa ta buɗe ne da labarin cewa Allah ya ji Khaula bint Sa'alaba, matar da ke jayayya a kan mijinta. A ɗaya ɓangaren, Alƙur'ani ya nuna Fir'auna yana fushi da matsafansa don sun yi imani kafin ya ba su izini. Mutumin yana son hatta zuciya ta jira ya ba ta dama.

Akwai wata suka da ta fi ta batun kunya ƙarfi. Idan marubuci ya sa baran gida yana katse maigida, ko yarinya tana yi wa dattawa huɗuba a zaure, ƙarya ya yi, mai karatu kuma zai gane. Wannan haka yake, kuma ba daidaiton bogi nake nema ba. Abin da ke wuyan marubuci shi ne ya sa mu lura da damar da aka hana. Balaraba Ramat Yakubu ta yi haka a Wa Zai Auri Jahila? na 1990. A littafin, an cire wata yarinya, Abu, daga makaranta, an aurar da ita ga Sarkin Noma, manya ne suka yanke. Marubuciyar ba ta sauya tsarin gidan ba, ta bar mai iko da ikonsa, amma ta tsaya kusa da yarinyar har muka san abin da za ta faɗa da an juyo an tambaye ta. Marubucin da ya wuce wurin nan da sauri, ya rubuta cewa kowa ya amince, ya ba da shaida a kan abin da ba wanda ya furta, kuma ya ba da ita ne don amfanin wanda ya rufe zancen.