Harafi Ɗaya a Cikin Jini

Karatu: Yohanna 9:1-7

Matasanmu da ke makaranta sukan dawo da wata tambaya: idan ƙwayar halitta ta sauya yayin da ake gadonta, tana iya kawo sabon abu, ko ɓarna kawai take yi? Wasu masu wa'azi sukan amsa da sauri cewa ɓarna ce kullum. Ina ganin gaggawa ce, kuma amsar tana nan cikin gidajenmu na Na'ibawa.

Umarnin da ke gina jikin mutum rubutacce ne da haruffa wajen biliyan 3. Wanda ya yi aiki a masana'antun Sharada ko Challawa ya san cewa idan inji ya kuskure, yawanci kayan lalacewa suke yi. Haka ne a jiki ma, sau da yawa. Amma rubutu yana da wani hali. Sa lanƙwasa ɗaya a kan "baki", sai ya zama "baƙi". Kalmar ba ta mutu ba, wata ma'ana ce ta fito.

Cutar sikila, wadda muke kira amosanin jini, daga sauyin harafi ɗaya tak ta fito, a cikin umarnin da ke gina jan jini. A 1954 wani mai bincike, Anthony Allison, ya nuna a Gabashin Afirka cewa wanda ya gaji harafin daga ɓangare ɗaya, wato mai AS, yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ya sa ya yawaita a ƙasarmu mai sauro. Harafin da ya tsirar da yara masu yawa daga mutuwa, shi ne kuma ke kwantar da mai SS a asibiti yana kukan ciwon ƙashi. To, riba ce ko hasara? Duka biyun. Bangaskiyarmu ga Mahalicci ba ta rataye a kan musun wannan ba. Wanda ya rubuta littafin ya san kowane harafi da ya motsa a cikinsa.

Almajirai sun ga makaho, suka nemi wanda za a ɗora wa zunubi. Yesu ya ƙi. Har yau akwai mai raɗa wa uwar ɗan sikila cewa la'ana ce ko aikin mayu. Wannan magana ba ta da wurin zama a ikilisiya.

Ga kuma saurayi da budurwa, dukansu AS, suna cewa za su yi aure "da bangaskiya". Mun gaskata Ubangiji yana warkarwa, mun gani. Amma a kowane ciki da za a ɗauka, ɗaya cikin huɗu ne yiwuwar SS, kuma jaririn da zai sha azabar ba a shawarce shi ba. Tun 2024 dokar jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure. Ku yi shi tun kafin a kai gaisuwa, sa'an nan ku zo da takardar wurin fasto, mu yi addu'a a kanta tare.