Abincin Mai Tamowa a Ƙarƙashin Kanta

Ranar Talatar da ta wuce, bayan sallar isha'i, na tsaya a shagon bakin layinmu zan sayi sukari. Ina jiran canji sai ga wani ƙato ya kafe babur ɗinsa, ya ce, "Ba ni tamowa biyu da burodi." Yaron shago ya zura hannu ƙarƙashin kanta ya zaro ledoji biyu. A gabana mutumin nan ya yage bakin ɗaya da haƙori, ya matse ta a tsakiyar burodi, ya tura baki, har da lashe yatsa. Ƙato fa, wallahi, wanda damtsensa ya kusa kai cinyata.

Na ce da mai shagon, "Alhaji, wannan ai ba na sayarwa ba ne." Ya yi murmushi ya ce, "Malam, kasuwa ce. Ni ma saro shi na yi. In ban sayar ba, na gaba zai sayar." Tun daren nan maganar take ci mini tuwo a ƙwarya.

Jama'a, kun san abin da ke cikin ledar nan kuwa? Niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki, giram 92. Wani likitan Faransa, André Briend, shi da kamfanin Nutriset suka haɗa shi a 1996, suka sa masa suna Plumpy'Nut. Ba a dafa shi, ba a dama shi da ruwa, don uwa ta iya ba ɗanta a bukkarta ba sai an kwantar da su a asibiti ba. Da shi likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi jinyar dubban yara a yankin Maraɗi lokacin yunwar 2005. Katan guda leda 150 ne, kuma kusan shi ne abin da yaro ɗaya yake buƙata cikin mako shida zuwa takwas kafin ya dawo daga bakin kabari. Ba kowane yaro ake ba ba. Sai an zagaya masa ɗan tef a damtse, in ya nuna ja, wato kaurin hannun bai kai santimita 11.5 ba. Haɗa babban yatsanka da manuni, ka dubi ramin da ke tsakani. Damtsen yaron zai shige ciki. Abincin mai wannan hannun ne ƙaton nan ya shafa a burodi, ya lashe yatsa!

Kuma kuɗin wa aka sayo shi da su? Harajin mutanen wasu ƙasashe ne, da sadakar bayin Allah da ba su taɓa taka Katsina ko Damagaram ba, ba su san sunan ko ƙauye ɗaya namu ba. Wata tsohuwa a Ingila ta tsakuro daga fanshonta, wani ɗalibi a Jamus ya haƙura da abin da ransa ke so, aka tara, UNICEF da takwarorinta suka saya, aka loda a mota har ƙofar asibitin karkara. Nesa ta zo kusa da alheri, mu kuma na kusa muka tare shi a hanya muka mai da shi jari. Da wane ido za mu kalle su? Mu da kullum muke bugun ƙirji da addini da zumunci da kunya?

Na san layin masu hannu a ciki yana da tsawo. Akwai ma'aikacin da ke fitar da katan ta ƙofar baya. Akwai uban da ke ƙwace ledar a hannun matarsa ya kai kasuwa. Akwai uwar da ke sayar da rabi ta auno masara, don gidan yara shida ne kuma tukunya ba ta hau wuta ba tun jiya. Wannan uwar ba zan iya ɗaga mata murya ba, Allah ne shaida. Amma kai mai shago, mene ne uzurinka? Yunwa kake ji? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da ɓarawon katan bai san akwai kantar da za ta karɓa ba, da bai ɗauka ba. Kai ne kasuwarsa, kai ne ƙarfin gwiwarsa.

"Kasuwa ce." Haba Alhaji! Kai ne a sahun farko da asuba. Kai ne ka shimfiɗa wa masallacin unguwa sabuwar darduma, ka raba kunu da ƙosai da azumi, aka ɗauki hoto aka sa a Facebook. Kai ne kuma, bari in faɗa tunda ta taso, ka liƙa takardar "Ba Bashi" a ƙofa, ka hana ni gwangwanin madara ɗaya ranar da albashi ya makara, wai kana tsare amanar dukiya. To ita wannan amanar ta wa ce? Kunun azumi ba zai wanke ribar da aka ciro daga bakin jariri ba. Don girman Allah ku ji tsoron ranar da yaron nan zai riƙe wuyan rigarku, ranar da babu "na gaba zai sayar".

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rijiyar tallafin ta fara ƙafewa. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, wasu ƙasashen Turai ma suka rage abin da suke bayarwa. A cikin wata shidan farko na shekarar, MSF ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda tamowa. Uwa za ta yi tafiyar kilomitoci da goyo, ta bi layi tun hantsi, a ce mata kaya sun ƙare, ta dawo mako mai zuwa. A hanyarta ta komawa gida sai ta wuce shagonka, kayan da aka ce sun ƙare suna nan ƙarƙashin kantarka. Duk ledar da aka gani a kasuwa hujja ce muka miƙa wa mai neman dalilin janye hannunsa. Da kanmu muke toshe bakin rijiyar, sannan mu zauna a majalisa muna zagin Turawa sun daina taimako.

Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan tireda da limamai da masu unguwanni, ku hana, ai kun san shagunan ɗaya bayan ɗaya. Ku kuma masu saye, ku maza masu gemu da iyali, ƙuli-ƙuli ya ƙare a gari ne? Tunkuza ta yi tsada ne? Ku ji kunya mana, ku ji kunya!

Ni dai na daina sayen sukari a shagon Alhajin nan, ina ƙarasawa har bakin titi duk da ciwon gwiwa. Jiya da magariba ina wucewa na ji wata yarinya, goye da ƙaninta, tana miƙa kuɗi ta tagar shagon tana cewa, "Wai in ji Babanmu a ba shi tamowa ɗaya, shayinsa zai huce." Yaron shago ya sunkuya ƙarƙashin kanta.