Nasihar Juma'a: Yaron da Ke Tambayar Hujja

Ya 'yan'uwa, mutanen Dapchi, Nguru da Gashuwa mazauna nan, mu ji tsoron Allah.

Wasunmu na kukan cewa tun da makaranta ta ba yara aikin baje kolin kimiyya, komai aka faɗa sai su ce "ina hujja?" To wannan ba rashin kunya ba ne. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta umarce mu da tantance labari. Malaman hadisi ma sai sun bi isnadi.

Yarinyar da ta shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya da taki ɗaya babu, tana aunawa kullum, wannan tarbiyyar take koya. Mu kuwa fa? Ciwon ƙoda ya addabi Gashuwa, wani ya tallata magani a WhatsApp, mu tura kuɗi gida a saya. Wa ya gwada?

A 2018 an sace ɗalibai 110 a makarantar kimiyya ta 'yan mata da ke Dapchi, aka kuma gargaɗi iyaye kan karatu. Kada mu ƙarasa musu aikin a gidajenmu. Yaro ya tambaya da ladabi, mu amsa. In ba mu sani ba, mu bincika tare.

Allah Ya sa mu dace, amin.