Kayan Kakanni a Teburin Kwamiti: Ina Muryar Mai Bi?

Yawancinmu ba mu san Majalisar Tarayya ba sai ta akwatin talabijin, inda muke ganin sanatoci 109 ko wakilai 360 suna ta da murya, shugaba yana buga guduma. Amma ainihin ƙirar doka a wani wuri ake yinta. Idan aka yi wa ƙuduri karatu na ɗaya, aka yi mahawara a kan manufarsa a karatu na biyu, sai a miƙa shi ga kwamiti, wato mutane kaɗan a wani ƙaramin ɗaki tare da akawunsu da tarin takardu. Su ne za su sa sanarwa a jarida, su kira zaman jin ra'ayin jama'a, su karɓi takardun shawara, sa'an nan su bi ƙudurin sashe sashe, su cire wannan kalma su sa waccan. Rahoton da suka mayar wa zaure shi ne yakan zama doka bayan karatu na uku, da amincewar ɗaya majalisar, da sa hannun Shugaban Ƙasa, wanda Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi kwana 30 ya sa ko ya ƙi.

Sa'ad da ƙudurin ya shafi makarantu ko aure, shugabannin ikilisiya sukan hanzarta zuwa Abuja. Sa'ad da ya shafi kayan tarihi da al'adun gargajiya kuwa, sai mu kau da kai, mu ce ai maganar gumaka ce, ba ruwan mai bi. Tambayar da ke gabanmu ke nan. Daidai ne Kirista ya ba da lokacinsa da hankalinsa domin a yi dokar da za ta kāre abin da kakanninsa suka yi wa sujada, abin da iyayensa suka rabu da shi da hawaye sa'ad da suka karɓi bishara? Ɗan'uwanmu da aka zaɓa ya zauna a irin wannan kwamiti fa, ya yi shiru ne, ko ya yi aiki da zuciya ɗaya?

Masu cewa a kau da kai suna da hujja, kada kuwa mu raina ta. Sarki Hezekiya ya farfashe macijin tagulla da Musa kansa ya ƙera, aka kuwa lasafta masa wannan cikin ayyukansa na kirki (2 Sarakuna 18:4). Masu sihiri na Afisa da suka tuba sun tara littattafansu suka ƙone a gaban jama'a, kuɗinsu ya kai azurfa dubu hamsin (Ayyukan Manzanni 19:19). Dattawanmu da suka fito da layu da tukwanen tsafi suka cinna musu wuta a ƙofar masujada, daga bautar tsoro suke fita, tsoron da mu jikokinsu ba mu ɗanɗana ba. Wanda aka haifa cikin 'yanci kada ya yi saurin yi musu hukunci.

Duk da haka bari mu dubi waɗannan labarai biyu da kyau. Macijin nan ya yi ɗaruruwan shekaru a ajiye a cikin Isra'ila, shaida ce ta ranar da Ubangiji ya warkar da mutanensa a jeji. Abin da ya jawo masa guduma shi ne turaren da jama'a suka shiga ƙona masa. Mutanen Afisa kuma nasu littattafan suka ƙone, da hannunsu, da yardar ransu. Ba mu karanta cewa sun kutsa gidan maƙwabci ba. A ɗaya gefen, Joshuwa ya sa aka ɗauko duwatsu goma sha biyu daga Urdun aka kafa a Gilgal domin yara su gani su yi tambaya. Bulus kuwa da ya shiga Atina ya zaga wuraren sujadarsu yana karanta abin da aka rubuta a kan bagadai, daga kan ɗaya daga cikinsu ya fara wa'azinsa. Ajiya daban, sujada daban. Ni dai a ganina, tukunyar da ke bayan gilashi a gidan tarihi da takarda a gabanta ta riga ta sauka daga gadon sarautarta, yaro yana kallonta ba ya rawar jiki.

Wannan magana ba daga nesa take zuwa mana ba. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Ham ta kudancin Jihar Kaduna. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan a Jos, wanda aka samo a wajen Jama'a, bayan ya yi shekara guda a gonar doya yana korar tsuntsaye. Daga nan duniya ta san cewa tun ƙarnuka da dama kafin haihuwar Almasihu akwai mutane a wannan ƙasa tamu masu sarrafa yumɓu da gwaninta, masu narkar da ƙarfe. A 1952 aka buɗe gidan tarihi na Jos. Sai kuma cikin shekarun 1990 aka auka wa gonaki da haƙa, dillalai suna saye da arha suna fitarwa. Har a 2000 aka ga irin waɗannan kayan a baje a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, sai a 2002 Faransa ta yarda a rubuce cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Su wa suka yi haƙar? Da yawa daga cikinsu samarin ƙauyukanmu ne, masu sunayen baftisma, waɗanda kuɗin makaranta ko na asibiti ya tura rami. Suka sayar da gādon dukan kabila da kuɗin da bai kai su girbi ba.

Dokar da aka yi domin hana wannan ita ce ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa. Dokar soja ce, mai lamba 77, an fitar da ita ana gab da miƙa mulki ga farar hula, saboda haka ba ta bi ta ɗakin kwamiti ba, ba a kuwa tambayi manomin Nok ra'ayinsa ba. Ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wakilin da hukuma ta amince da shi, ta sa tarar naira 2,000 ko ninki biyar na darajar kayan, ko ɗaurin shekara uku. A 1979 naira 2,000 dukiya ce. Ta kuma bayyana cewa aikin hannu na gida yana shiga lissafin kayan tarihi idan an yi shi kafin 1918, ko kuwa idan yana da daraja kuma an taɓa amfani da shi a bikin gargajiya.

A tsaya a kan wannan shekara ta 1918, gama a nan ne za mu ga nauyin aikin kwamiti. Lamba guda a cikin sashe guda ita ce ke raba abin da doka za ta tsare da abin da za ta bari ga gara. Masujadar Wusasa ta tubali a 1929 aka gina ta. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932 ya fito. Littattafan baftisma da malaman bishara na fari suka rubuta da hannu, waƙoƙin da suka juya zuwa harsunanmu, wasiƙunsu, mafi yawa bayan 1918 ne, ba kuwa a bikin gargajiya aka yi amfani da su ba. Ashe mu ma muna da kayan kakanni. Bishara ta haura shekara ɗari a Wase da Patigi, ta zama tarihin ƙasar nan. Ranar da ƙudurin gyara wannan doka yake gaban kwamiti, idan babu wanda ya tashi ya faɗi haka, babu mai faɗa mana.

Akwai kuma tambayar da ta fi wuya: kayan na wa ne? Sojojin Ingila sun kwashe kayan tagulla na fadar Benin a 1897. A 2022 Jamus ta mayar wa Nijeriya mallakar fiye da guda 1,000, a 2025 kuma Holan ta dawo da 119. Da kayan suka fara dawowa sai gardama ta tashi tsakanin fada da gwamnatin jiha da hukumar tarayya. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya yanke ta da sanarwar gwamnati, ya ce Oba na Benin ne mai su. Mai yiwuwa hukuncin ya yi daidai, ba shi nake ƙi ba. Hanyar ce ta dame ni. Benin tana da sarki guda da kowa ya sani. Kabilunmu na tsakiyar ƙasa da yawa ba haka suke ba, kayan tsafin dangi a hannun gida guda suke, gidan kuma yau rabi Kirista ne, wasu Musulmi, tsoho ɗaya ko biyu suna nan a kan na dā. Wa zai ce a sayar, wa zai ce a ƙone, wa zai ce a kai gidan tarihi? Nabot ya ƙi sayar wa sarki gonar inabinsa domin gādon kakanni ce, ba tasa shi kaɗai ba. Irin wannan tambaya ba ta warwaruwa da alƙalamin mutum ɗaya, sai an zauna an ji kowane gefe, littafin Karin Magana ma ya gargaɗe mu cewa mai fara kai ƙara yakan zama kamar shi ne mai gaskiya kafin a ji abokin shari'arsa.

To, su wa ake ji a zaman jin ra'ayin? Sanarwa da Turanci take fita, zaman a Abuja ake yinsa, sau da yawa yini guda. Jami'an ma'aikata za su zo, da malaman jami'a, da lauyoyi, da masu kasuwar yawon buɗe ido. Matar da ake hana ta fita zuwa sujadar asuba domin dodo yana gari, ba ta da kuɗin mota. A nan ne mai bi yake da abin da zai kawo wanda wani ba zai kawo ba. Sashe na 21 na Tsarin Mulki ya ɗora wa gwamnati tsare al'adu, amma ya ƙayyade su ga waɗanda suke ɗaukaka mutuncin ɗan Adam. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin sāke shi. A 1991 Kotun Ƙoli ta goyi bayan wani tela a Aba wanda ƙungiyar tsararsa ta ƙwace masa keken ɗinki domin ya ƙi shiga cikinta saboda bangaskiyarsa. Shekaru ya yi yana shari'a kafin ya kai ga wannan hukunci. Layi biyu a cikin doka, masu cewa tsare biki ba ya nufin tilasta wa kowa shiga ko biyan kuɗinsa ko kulle kansa a ɗaki, za su hutar da mutane da yawa daga irin wannan wahala. A kwamiti ake sa irin wannan layi. Idan ƙuduri ya koma zaure, da wuya a tsaya dominsa.

Saboda haka ɗan'uwan da yake cikin kwamitin ya yi aikinsa da lamiri mai tsabta. Zai iya neman a ƙara tara ga dillalin da ke fitar da kaya, ya kuma nemi a sāka wa manomin da ya tono abu a gonarsa ya kai wa hukuma, gama dokar da ta san hukunci kaɗai takan koya wa talaka ɓoyewa. Zai tsare haƙƙin tsohon da ke riƙe da addinin gargajiya kada a fasa masa ɗaki, ko da ba ya tarayya da shi a sujada, domin shingen da ya kāre wancan shi ne ya kāre masujada a inda mu ne marasa yawa.

Ba kuwa lalle sai an je Abuja ba. Tsarin Mulki ya bar wa majalisun jihohi ikon yin doka a kan kayan tarihin da tarayya ba ta ɗauka a matsayin na ƙasa ba, majalisun Jos da Kaduna da Lafiya da Jalingo da Yola kuma suna da nasu kwamitocin. Takardar shawara ba ta bukatar lauya. Shafi biyu sun isa, a ambaci sashen da ake magana a kai, a faɗi gyaran da ake so da dalilinsa, sakataren gunduma da shugabar zumuntar mata su sa hannu, a miƙa wa akawun kwamiti kafin ranar da sanarwa ta ƙayyade.