Cinikin Biri a Sama: Tallan Bidiyo da Haƙƙin Mai Saye



Birnin Kano ya daɗe da sanin ciniki. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi, kuma marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, har yau marina suna tsoma zane a cikin ramukanta. Da matafiyin nan na Jamus, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, ya ba da labarin yadda tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan suke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. A duk tsawon waɗannan ɗaruruwan shekaru ciniki yana tafiya bisa ƙa'ida guda, wato mai saye ya ga kaya da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Mai sayen shadda yakan murza ta ya ɗaga ta a rana, mai sayen takalmi yakan lanƙwasa shi ya shinshina ya ji ko fata ce ta gaske, mai sayen hatsi kuwa yakan cusa hannu har ƙasan buhu. Wanda ya biya kuɗin abin da bai gani ba, Hausawa suna cewa ya yi cinikin biri a sama, kuma ba yabo ba ne.

Yau wannan ƙa'ida tana sauyawa a gabanmu. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, daga baya aka sami wayoyi masu ɗaukar hoto, sannan Facebook da WhatsApp da Instagram da TikTok suka zama rumfuna marasa jinka. Kullen annobar korona a 2020 ya koya wa mutane saye daga gida, ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 kuma ya koya musu biya ta waya. Yanzu baduku a Dukawa, ko tela a Soron Ɗinki, ko mace mai haɗa turaren wuta da humra a cikin gidanta, za su iya ɗaukar bidiyo na daƙiƙa talatin, kafin gari ya waye wani daga Legas ko Fatakwal ko Yamai ya turo kuɗi, a kai kaya tasha a ba direba. 'Yan Ikilisiyarmu da yawa suna cikin wannan harka. Akwai matasa da 'yan Zumuntar Mata da suke saro kaya a Kurmi da Ƙofar Wambai da Kantin Kwari, su ɗauke su a waya su sayar wa mutanen da ba su taɓa gani ba.

Tun farko ya kamata a faɗa sarai cewa wannan abu alheri ne. Wanda ba shi da kuɗin kama shago ya sami kasuwa, gwauruwa mai marayu ta sami abin sa wa a tukunya, kuma uwar da a dā take ɗora wa 'yarta tire ta tura ta talla a titi, yanzu tana iya barin yarinyar ta tafi makaranta, waya ta yi tallan. Majalisar Vatikan ta Biyu, a takardarta Inter Mirifica ta 1963, ta lasafta hanyoyin sadarwa cikin abubuwan ban mamaki da basirar ɗan Adam ta ƙirƙiro da taimakon Allah. Saboda haka Ikilisiya ba ta hana kowa tallan sana'arsa. Tambayar da take gabanmu ita ce: idan Kirista ya ɗaga waya don ya nuna hajarsa, mene ne ya wajaba ya nuna, mene ne kuma yake da damar bari?

Wannan tambaya ta girmi wayar hannu nesa. Waliyyi Toma Akwinas, babban malamin Ikilisiya wanda ya rasu a 1274, ya yi nazarinta a babban littafinsa na tauhidi. Ya ce aibun kayan sayarwa iri uku ne. Na farko, a ainihin abin, kamar a sayar da tagulla da sunan zinariya. Na biyu, a yawansa, kamar a tauye mudu. Na uku, a ingancinsa, kamar a sayar da dabba marar lafiya a matsayin lafiyayya. Wanda ya yi ɗaya daga cikin ukun nan da saninsa ya yi ha'inci, kuma dole ya mayar wa mai saye haƙƙinsa. Daga nan sai ya raba aibu gida biyu, ɓoyayye da bayyananne. Ɓoyayyen aibu da zai jawo wa mai saye hasara ko haɗari, wajibi ne a faɗe shi. Bayyananne kuwa, ya kawo misalin doki mai ido ɗaya, ya ce ba dole ba ne mai doki ya ambata, muddin ya rage kuɗin gwargwadon aibun, domin mai saye yana da ido, yana kuma iya kewaya dokin ya duba. Mu ma a nan mukan ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

To, a nan ne bidiyo ya kawo sabon abu. A kara, inda ake cinikin dabbobi, mai saye ne yake kewaya dokin. A bidiyo kuwa mai sayarwa ne yake riƙe da idon mai saye, shi ne yake zaɓen gefen da za a gani. Idan ya tsaya ta wajen lafiyayyen idon ya ɗauki hoto, aibun da yake a sarari a kasuwa ya koma ɓoyayye, kuma hannun mai wayar ne ya ɓoye shi. Ashe ke nan uzurin da Waliyyi Toma ya yi wa ɗan kasuwa na gaba da gaba bai shafi mai tallan waya ba, sai dai idan shi da kansa ya juya dokin. Mai saye daga nesa ya ba ka aron idonsa da hannunsa, ya ce ka duba masa. Wannan amana ce, kuma nauyin mai riƙe da amana ya fi na mai rumfa da ake tayawa ido da ido.

Mu dubi yadda abin yake faruwa. Ana ɗaukar yadi a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, a ƙara masa launi da na'urar gyaran hoto, ya fito shuɗi mai sheƙi, alhali kuwa in ya isa hannun mai shi dusashe ne. Ana nuna zane mai rinin kanti a kira shi rinin baba na Ƙofar Mata. Ana nuna takalmin roba a ce fata ce zalla. Ana matso da waya kusa da ƙullin kilishi har ya cika fuskar waya, a aika da wanda bai kai tafin hannu ba. Akwai masu kwafo bidiyon kayan wani su sa sunansu, su aika da na ƙasa da shi. Akwai masu roƙon ƙawaye su fito su yi shaidar cewa sun saya sun ji daɗi, ba su kuwa sayi kome ba. Mafi muni su ne masu tallan magani da man shafawa da suke alkawarin warkar da kowace cuta ko sauya launin fata cikin kwanaki, ba tare da rajistar hukumar NAFDAC ba, domin a nan lafiyar mutum da ransa ne a kan sikeli. A yawancin waɗannan misalai mai tallan yana iya rantsuwa cewa bakinsa bai faɗi ƙarya ba. Amma doka ta takwas, wadda ta hana shaidar zur, ba ta tsaya a kan harshe kaɗai ba. Majalisar Paparoma mai kula da sadarwa ta fitar da takarda a kan ɗa'ar talla a 1997, inda ta koyar cewa talla ba shi da ikon yaudara da gangan, ko ta abin da ya faɗa, ko ta abin da ya sa mutum ya zata, ko ta abin da ya yi shiru a kansa. Kuɗin da aka karɓa ta wannan hanya kuwa ya faɗa ƙarƙashin doka ta bakwai, wadda ta hana sata.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki wannan ƙaramin laifi ba. Littafin Firistoci da na Maimaitawar Shari'a sun umarci Isra'ila su riƙe ma'auni na gaskiya, Littafin Karin Magana ya kira ma'aunin algus abin ƙyama ga Ubangiji, annabi Amos kuma ya tsawata wa 'yan kasuwar da suke ƙosawa ranar hutu ta wuce don su koma su rage mudu, su ƙara farashi, su sayar wa matalauta da ƙaiƙayi. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke ciniki da su kullum a cikin birni, suna da irin wannan koyarwa: akwai sura guda a Alƙur'ani mai gargaɗi ga masu tauye mudu, akwai kuma sanannen hadisi game da mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama. Saboda haka Kiristan da ya yi ha'inci a waya ba shi da mafaka a addininsa ko a na maƙwabcinsa, kuma sunan Kristi da yake ɗauke da shi ne zai sha zargi a bakin wanda ya cuta.

Wani zai ce, Fada, wannan magana ta yi tsauri. Kowa yana gyara hotonsa, idan ni kaɗai na nuna kayana yadda suke, wa zai saya? Ga kuɗin haya, ga kuɗin makaranta, ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023. Wannan kuka na gaskiya ne, kuma ya cancanci amsa ta gaskiya.

Amsa ta farko ita ce, ado daban, ha'inci daban. In kana da kyau ka ƙara da wanka. Ka goge takalmin, ka shimfiɗa zanen a wuri mai tsabta, ka nemi haske mai kyau, ka yabi kayanka da daɗin baki kamar yadda masu talla suka saba tun kaka da kakanni. Takardar 1997 ta yarda cewa akwai irin kambamawar da kowa ya san salon talla ne kawai, ba mai ruɗuwa da ita. Mai cewa furarsa ta fi ta kowa a Kano bai yaudari kowa ba. Mai cewa turmin atamfa yadi shida ne alhali biyar da rabi ne, ya yaudara.

Amsa ta biyu tana wurin Waliyyi Toma. Ya ce ba a tilasta wa ɗan kasuwa ya sa mai shela ya bi gari yana sanar da aibun kayansa ba, domin hakan zai kori mutane tun ba su ji alherin da ke cikin kayan ba. Amma wanda ya matso da niyyar saye, dole a gaya masa shi kaɗai. Bidiyo shi ne mai shelar zamaninmu. Ba lalle ne ka lissafa kowane naƙasu a cikinsa ba, muddin abin da ya nuna gaskiya ne. Amma sa'ad da mutum ya aiko saƙo yana tambayar farashi, kafin ka ba shi lambar asusunka, lokacin faɗar gaskiya ya yi: wannan yadin yakan zuba a wankin farko, wannan jakar rabinta fata ce rabinta leda, wanda ka gani a hoto ya ƙare, saura mai kama da shi. Awon da za ka yi wa kanka mai sauƙi ne. Ranar da mai saye zai kwance ƙullin a gidansa, zai gane abin da ya gani a waya, ko kuwa zai ji an yi masa sakiyar da ba ruwa?

Amsa ta uku ita ce wadda ba za a ɓoye muku ba. Sau da yawa gaskiya takan riƙe abokin ciniki shekara da shekaru, domin ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Amma ba kullum ba. Wata rana za ka faɗi aibun kayanka, mai saye ya tafi wurin maƙaryaci, ka kwana ba ka yi ciniki ba. Ikilisiya ba ta yi muku alkawarin cewa gaskiya za ta fi kawo riba kowace rana ba. Muna riƙe ta ne domin wanda yake can ƙarshen waya mutum ne da aka halitta cikin surar Allah, mai yiwuwa ya tara kuɗin nan wata uku don kayan auren 'yarsa, kuma rashin ganin fuskarsa bai rage masa haƙƙi ko kaɗan ba. Nisa yana sauƙaƙa zunubi, domin ba ka ganin hawayen wanda ka cuta. Allah kuwa yana ganin gefen dokin da waya ba ta ɗauka ba.

Mai saye ma yana da nasa nauyi. Waliyyi Toma ya ce wanda ya sayi zinariya a farashin tagulla don mai ita bai san darajarta ba, shi ma ya yi zalunci. Haka yake ga wanda ya tura shaidar biya ta bogi, ko ya sa tela ya ɗinka kaya ya ƙi karɓa, ko ya ɗauki bidiyo ya ɓata sunan mai sana'a a idon duniya tun bai ba shi damar gyara kuskurensa ba. Haka kuma mai saro kaya da yake ɗaukar hannun marini ko na baduku yana aiki don ya jawo masu saye, ya kamata ya nemi izininsa, ya kuma biya shi farashin da ya dace da guminsa.

Wanda ya duba zuciyarsa ya ga ya taɓa cin kuɗin wani ta wannan hanya, ƙofar tuba a buɗe take, amma ikirari kaɗai bai isa ba sai an haɗa da mayar da haƙƙi. Zakka mai karɓar haraji, da Yesu ya shiga gidansa a Yariko, ya ɗauki alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Mu a yau abin ya fi mana sauƙi, gama lambar wanda muka cuta tana nan cikin wayarmu, kuma hanyar da kuɗinsa suka zo ita ce za ta mayar da su. Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin matasa da na Zumuntar Mata su tattauna wannan batu a taronsu na gaba, waɗanda suka iya ɗaukar bidiyo mai kyau kuma su koya wa waɗanda ba su iya ba, domin mai gaskiya ma ya sami kasuwa.

Ubangiji ya sa albarka a sana'ar hannuwanku, ya ba ku abincin yini da zuciya mai tsabta. Amin.