WAYE KAKAN KAKANKA?



Kwanakin baya aka kira ni zaman rabon gado a nan Limawa. Gona ce guda ɗaya da bishiyoyin dabino, mai ita ya rasu tun kafin a haifi yawancin waɗanda ke zaune a wurin. Ba a raba ba har 'ya'yansa suka rasu, wasu jikokin ma suka bi su. Da muka ce a lissafo mana 'ya'yan mamacin, da wanda ya riga wani rasuwa, sai zaure ya yi tsit. Wani ya ce su bakwai ne, wani ya ce tara. Aka ce akwai wata da aka aurar wajen Kiyawa, ba wanda ya san sunan 'ya'yanta. Tsohuwar da ta san komai kuwa, bara aka binne ta. Haka muka tashi ba mu raba ko taku ɗaya ba.

'Yan uwa, da yawanmu idan aka ce mu ambaci sunan kakan mahaifinmu sai mu fara sosa ƙeya. Muna ganin sanin nasaba aikin maroƙa ne da 'yan sarauta. Alhali Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da mu koyi abin da za mu sada zumunci da shi daga nasabarmu. To ta yaya za ka sada zumunci da wanda ba ka san ɗan uwanka ba ne? Sayyidina Abubakar (RA) shi ne ya fi kowa sanin nasabar Ƙuraishawa, kuma malamai irin su Ibnu Hazm, wanda ya rasu a 456 bayan Hijira, sun wallafa littafi sukutum a kan wannan ilimi.

Hukunce-hukunce da dama a kansa suka rataya. Gado ba ya rabuwa daidai sai an san magada. Tun da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, gonar da a da ba a kula da ita ta zama fili mai tsada, shi ya sa rigimar ta yawaita. Idan aka manta da reshe guda na gida, haƙƙinsu aka ci, ko da an ci ne cikin rashin sani. Haka waliccin aure. Haka shayarwa, wadda ita ce aka fi sakaci da ita. A Bukhari, Uƙbatu ɗan Harisu ya yi aure, sai wata mata ta zo ta ce ta shayar da shi da matar, Annabi (SAW) ya umarce shi ya rabu da ita. A gidajenmu na gandu, mata nawa ne suka shayar da 'ya'yan kishiyoyi da na maƙwabta, kuma wa ya rubuta?

Ga yadda nake ba da shawarar a fara:

1. Fara da tsofaffin gidanku, musamman mata. Gwaggo da inna sun fi maza riƙe wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa. Ka je da goro da ladabi, ka nemi izini ka naɗi muryarsu a waya. Kada ka ce sai bayan sallah.

2. Ka rubuta sunan yanka tare da laƙabi. Saboda alkunya, akwai wanda duk duniya ta san shi da Ɗanjuma ko Tanko, sunansa na gaskiya ya ɓace. Ka rubuta garin da aka fito da sana'ar gidan.

3. Tsofaffi ba sa ƙirga shekara da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa: zamanin sarki wane, shekarar yunwa kaza, zuwan Turawa Kano a 1903. Rubuta yadda suka faɗa, daga baya ka nemi lissafin.

4. Duba gafakar malaman gidanku. Masu rubuta Alƙur'ani da littattafai da hannu sukan sa sunansu da na mahaifinsu a ƙarshe, wasu kuma sukan rubuta haihuwa da rasuwa a gefen takarda da ajami. Takardun gona, na kotun alƙali da tsofaffin rasit na haraji, duk kada a yar.

5. Wanda yake da hali ya faɗaɗa. Kafin 1991 ƙasar Dutse a ƙarƙashin Kano take, don haka rahotannin gunduma na zamanin Turawa a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ake neman su, akwai kuma Arewa House a can, da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Garin nan tsoho ne. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Sarkin Dutse tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452. Amma ka sani, irin waɗannan takardu sarakuna da hakimai suka fi ambata. Sunan kakanka manomi a bakin gwaggonka za ka same shi.

Sai dai akwai rami biyu a wannan hanya. Na farko ƙarya. Wani zai fara bincike, da ya ga zaren ya tsinke a kaka na huɗu sai ya ƙulla shi da gidan sarauta ko na sharifai. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) cewa wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane, an haramta masa Aljanna. Inda saninka ya tsaya, ka tsaya, ka rubuta Allahu a'alam.

Na biyu alfahari da gori. Kana cikin bincike za ka iya gano kakan wane bawa ne, ko Bamaguje ne da ya musulunta daga baya, wataƙila ma naka kakan ne. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma ba makamin hana aure ko cin mutunci ba ne. Muslim ya ruwaito cewa alfahari da asali da sukar nasabar mutane suna cikin al'adun jahiliyya. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta bayyana cewa an sanya mu dangi da ƙabilu ne don mu san juna, fifiko kuma na mai taƙawa ne. Bilal (RA) bawa ne da aka 'yanta, Abu Lahab kuwa baffan Annabi ne. Kowa ya san makomar kowannensu.

Don haka wannan Juma'ar, bayan an sauko daga masallaci, ɗauki littafi da biro ka nufi wajen wanda ya fi kowa tsufa a danginku. Abin da ka rubuta ka kwafa ka raba wa 'yan uwa, har da 'ya'yan mata da ke aure a wasu garuruwa. Idan ka gano wani reshe da aka yanke, ka nemi lambarsu ka kira. Idan akwai haƙƙinsu a hannunku, a mayar musu tun ana da rai.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu, waɗanda muka sani da waɗanda ba mu sani ba. Allah Ya ba mu ikon sada zumunci, Ya tsare mu daga cin haƙƙin magada. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.